Mabuɗin da Ba Za a Tura wa Zaure Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwar ƙungiya kuma shugabar wannan zama, babban likita da ya bar marasa lafiya a layi ya zo ya saurare mu, ma'ajiyarmu, sakatariyarmu, iyayenmu ungozomomin da suka ajiye aiki amma ba su ajiye faɗa ba, 'yan uwana masu karɓar haihuwa, da mazajen da suka kawo matansu suka rasa hanyar gudu suka zauna a kujerun baya, ina gaishe ku baki ɗaya.

Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni lasifika, ko da yake na san an yi gardama kafin a ba ni. Ina godiya ga maigidana, wanda ya daɗe yana cin abincin da ya ƙone saboda ina gaban kwamfuta ina zagin mutanen da ba sa ji na. Idan kun ga ina dariya yau, kada ku ɗauka na huce. Ban huce ba. Murna ce ta hau kan fushin, domin a cikin jakar nan akwai aikin da ya kammala, hannayenku kawai yake jira.

Ga abin da ya kawo ni. Shafin intanet na ƙungiyarmu, inda mata masu ciki ke rubuto mana tambayoyin da kunya ke hana su faɗa a gaban miji ko uwar miji, yana rufe. Ni na rufe shi. Ba kuma zan buɗe ba sai kun gyara doka ɗaya a tsarin mulkinmu, yau, kafin a raba lemo.

Don ku gane dalili, sai mu faro daga tushe. Na farko, mene ne satifiket ɗin tsaro na shafi. Idan mace ta rubuta mana daga wayarta, saƙon yana ratsa hannaye da yawa kafin ya iso. Satifiket ɗin yana yin aiki biyu: yana shaida wa wayarta cewa shafin nan namu ne da gaske, yana kuma sa a kulle saƙon yadda babu mai karantawa a hanya. Idan babu shi, wayar kan yi gargaɗi cewa shafin ba shi da tsaro, kuma macen da ta yi ta maza kafin ta soma rubutu ba ta buƙatar gargaɗi biyu. Rufe waya take yi ta haɗiye tambayarta.

Na biyu, yadda muka zaɓa. Na shiga taron kwamiti da karatuna, na ce kamfanin da ke ba shafinmu masauki yana bayar da satifiket kyauta, mai sabunta kansa duk bayan 'yan watanni. Na ce akwai na saye, wanda ake binciken ƙungiya kafin a bayar, akwai kuma mai rufe shafuka da yawa a ƙarƙashin suna ɗaya, amma ƙarfin kullewar duk iri ɗaya ne, mu kuma shafi ɗaya gare mu tal. Uwar ƙungiya ta sauke tabarau ta dube ni.

Ta ce, “'Yar nan, na kyauta? Mu? Idan ƙungiyar masu haɗa magunguna suka ji fa?”

Na ce, “Mama, ba a rubuta farashin a goshin shafi.”

Ta ce, “Ni zan sani. Ba zan yi barci ba.”

Saboda barcin Mama muka sayi mai tsada. Masu bayar da shi suka ce sai sun kira lambar ofishinmu sun tabbatar muna raye. Suka kira, suka sake kira, suka kuma kira. Ina wayar ofis? Tana kulle a durowar ma'ajiya, cikin kwalinta, cikin ledarta, don kada ta tsufa. Da na je karɓa, ma'ajiya ta ce, “Me za ki yi da ita?” Na ce amsa kira zan yi. Ta ce, “To, ki amsa a nan, ina kallo.” Haka na tsaya a gaban durowa na rantse wa wani bawan Allah da ban taɓa gani ba cewa ƙungiyarmu ba aljanu ba ce.

Na uku, ɗora shi. Na ɗora da hannuna. A kwamfutata ya yi kyau, a tsohuwar wayar mai shara ya ƙi. Ashe akwai wata takardar tsakiya da ke haɗa namu da na masu bayarwa, ita ma sai an ɗora, in ba haka ba wasu wayoyin ba sa yarda. Na gyara wannan, sai hoton shugabanninmu da ke saman shafin ya hana alamar kwaɗo, mai nuna shafi a kulle yake, fitowa, domin ta tsohuwar hanya mara kulle ake jawo shi. Na gyara shi ma, ban cire kowa daga hoton ba, ko da yake zuciyata ta ba ni shawara. Kwaɗo ya fito. Na yi rawa a ofis ni kaɗai, da wannan gwiwar da kuka sani.

Na huɗu, kuma nan ne nake so na baya su farka. Kowane satifiket yana da abokin tafiya, mabuɗin sirri: wasu haruffa ne barkatai masu cika shafi guda. Satifiket ɗin na kowa ne, duk wanda ya buɗe shafinmu zai iya duba shi. Mabuɗin kuwa na shafin ne shi kaɗai. Wanda ya same shi, idan ya sami hanyar tare mace a tsakani, zai iya sa rigarmu ya ce shi ne mu, wayarta kuma ta gaskata shi.

To, muna da doka ta bakwai, wadda iyayenmu suka kafa da kyakkyawar niyya: babu takardar ƙungiya da za a ɓoye wa 'yar ƙungiya. Muna kuma da sakatariya, wadda ba banza ake kiranta Tura-wa-Kowa ba. Ina ɗakin haihuwa, hannuna cikin safar roba, ta shiga rumbun ajiyar shafin ta ga sababbin takardu. Ta kwashe su duka ta tura zaurenmu na waya, ta ƙawata da furanni, ta rubuta: ga sabon tsaronmu, kowa ya adana.

Kuka adana kuwa. Wata ta rubuta “Ma sha Allah.” Wata ta ce, “Allah ya ƙara basira.” Wata, ina kallonta yanzu tana gyara mayafi, ta tura zauren danginta. Kafin in wanke hannu, ƙanen mijina, direban babbar mota wanda bai taɓa jin sunan ƙungiyarmu ba, ya turo mini mabuɗinmu yana tambaya, “Matar yaya, wannan addu'a ce? Da wane harshe? An ce a tura wa mutum goma.”

Na sami sakatariya a ofis tana shan shayi. Na ce, “Ƙawata, kin san abin da kika raba?”

Ta ce, “Doka ta bakwai.”

Na ce, “Mabuɗin ɗakin sirrin mata kika raba wa direbobi.”

Ta ce, “To, a goge mana.”

A goge daga ina, jama'a? Daga wayar ƙanen mijina, ko daga ta mutum goman da ya tura wa don neman lada? Ranar na sa aka soke satifiket ɗin mai tsada, na rufe shafin. Sakatariya kuma ta gaya mini, kuma ina girmama ta a kan haka, cewa muddin dokar na nan, duk sabon mabuɗin da na yi sai ta tura. Ba taurin kai ba ne, amana ce aka ba ta. Ku ne za ku sauke mata.

Kuna dariya, ni ma ina yi. Amma makon jiya wata yarinya mai cikin fari ta tsaya bayan awo, sai da kowa ya fita ta ce, “Anti, yaushe za a buɗe wurin rubutun nan?” Na ce ga ni, ta faɗa mini da baki. Ta dubi ƙofa, inda uwar mijinta ke zaune riƙe da jakarta. Ta ce, “Bari dai a buɗe.” Ta tafi da tambayarta, har yanzu ban san mece ce ba. Na karɓi haihuwa fiye da yadda zan iya tunawa, kuma na san irin tambayoyin da ba sa jira.

Ga roƙona. A bar doka ta bakwai yadda take, a ƙara mata jimla ɗaya: ban da mabuɗin sirrin shafi. Ku ga kuɗi, ku ga rahoto, ku ga satifiket, ku ga wasiƙun da nake rubuta wa kamfani idan kuna son koyon zagi cikin ladabi. Mabuɗin zai zauna a na'urar masu masaukinmu, shiga wurin kuma yana hannun mutum biyu da za ku zaɓa. Sabon satifiket ɗin na kyauta ne, Mama, kuma na yi alkawari ba zan gaya wa masu haɗa magunguna ba.

Wadda ta yarda ta ɗaga hannu. A ɗaga sosai, kamar ana rabon atamfa. Likita, kai ba ka da ƙuri'a, amma na ga niyyarka. Mazajen baya, ku sauke naku. Ma'ajiya ta ɗaga. Mama ta ɗaga, a hankali, amma ya tashi. Sakatariya, hannu ne wancan ko hoto kike ɗauka? Hannu ne. Shugaba, ina jin ba sai an ƙirga ba.

To, ku ba ni numfashi biyu in buɗe kwamfutar nan. Na danna. Ku ciro wayoyinku, yau an halasta taɓa waya a taro. Mai tsohuwar waya ta fara dubawa. Ya buɗe? Babu gargaɗi? Ɗaga mana su gani.

Allah ya sauki masu ciki lafiya. Allah ya ba mai jin kunya ƙarfin rubutu, ya ba mu sanin amsa. Allah ya rufa mana asiri kamar yadda muka yi niyyar rufa na wasu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Masu aikin yamma, kada ku tsaya jiran lemo, idan saƙon yarinyar nan mai cikin fari ya shigo, shi nake so a fara dubawa.

Na gode.