Bube Ai Abubakar Ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Abubakar, manomin albasa daga Dingyaɗi.

Ƙanena da ke ɗinki a Jidda ya aiko mani injin ban ruwa ta jirgin sama, don ƙarfina ya fara kasa jigo. Na tafi filin jirgin Kano da takardar harajina, na ga kwalin da idona. Ashe ƙanen nawa "Bube" ya rubuta a jiki, sunan da ake kirana da shi a gida. Akawun da ke ba da kaya ba mutumin yankinmu ba ne, ya ce Bube daban, Abubakar daban. Na ce, "Ranka ya daɗe, a Sakkwato ko yaro ya san Bube Abubakar ne." Ya ce takarda ba ta sani ba.

Na komo gida, na je Boɗinga na karɓi shaidar hakimi cewa ni ne Bube. Da na koma sai anka ce doka ta sake, gwamnati na tsuke bakin aljihu, inji ba ya fita sai da lasin shigo da kaya daga Ikko. Alhali a gabana anka loda kwalayen wani attajiri a mota, ba wanda ya tambayi lasin.

Kullum rediyon nan na ce mana mu koma gona. To ga mu a gona, albasata na bushewa a fadama, injina na kwance a Kano.

Don Allah wanda ya san hanyar lasin nan ya ba ni shawara. Ina gaida manoman Dandin Mahe. Mai ɗan'uwa a waje, ya gaya mashi ya riƙa rubuta sunan yanka.