Yaron da ke Gudun Ƙararrawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, tare da dukkan masu sauraro.

Da yawanmu in yaro ya fita daban, sai mu ce taurin kai ne ko iskoki. Ni ma haka na ɗauka, alhali malamin firamare ne ni a Daudawa.

A ajina akwai Habu, ɗan shekara takwas, gwanin lissafi, amma ba ya shiga cikin yara. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne. Da an doka shi, sai Habu ya toshe kunnuwa, ya ruga cikin gonar dawa. Sau uku ina zane shi, sannan na kai ƙara gidansu. Mahaifinsa ya ce, "Malam, huta da bulalarka, wannan sai mai magani." Aka kai shi wani ƙauye bayan Sabuwa, aka sa masa mari a ƙafa.

Da na je kwas Zariya, wani likitan ƙwaƙwalwa ya bayyana mana cewa akwai yaran da ƙara mai ƙarfi ke yi wa zafi kamar ƙuna. Ba hauka ba ne, kuma asibiti na iya taimaka musu. Nan take na tuna da Habu.

Habu ya dawo bayan wata biyar, ƙafafunsa duk miki, ba ya magana da kowa. Mahaifinsa ya ƙi jin zancen asibiti. Don Allah ku ba ni shawara, ta yaya zan shawo kansa?

'Yan'uwana malamai, gobe kafin ku ɗaga bulala, ku tambayi yaron abin da ya firgita shi, ku tsaya ku ji amsarsa. Ni ban tambayi Habu ba.

Naku, malamin aji biyu, daga Daudawa.