Haruffan da Malam Ɗalhatu ya bari cikin tsohuwar ordinatar

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Prefe, Magajin Garin Arlit, malam liman, shugabannin sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, Hajiya Zulaihatu uwargidan marigayi da ɗansa Zayyadu, jama'a, sannunku da haƙuri.

An ce in yi magana a madadinmu, tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai. Wallahi da tsoro na tashi.

Malam Ɗalhatu ya kasance mai buga mana takardu a bakin kasuwa tun zuwansa daga Tawa. Ya kasance mai taurin kai, Allah Ya gafarta masa. Sau nawa muka ce ya yar da wannan tsohuwar ordinatar, kwamfutar nan mai ƙugi kamar injin niƙa! Sai ya ce, "Ku fara yar da ni."

Lokacin da tari ya soma ɗaukar abokanmu ɗaya bayan ɗaya, shi ya zaunar da kowa ya rubuta shaidarsa, ko wata rana a duba hakkin iyalanmu. Amastan na Dannet ya ce shi da Tamajaq zai faɗa, da Tifinag, rubutun kakanninsa. Sauran abokanmu ma suka bi sahunsa. Babu haruffan Tifinag a tsohon tsarin ordinatar, sai Malam ya zana su da kansa, ɗigo-ɗigo, ya koya wa injin bugawarsa.

Bara muka kai rubutun shaidar zuwa Agadas a faifan disket don a buga a sabuwar na'ura. Jama'a, 'yan akwatuna suka fito a madadin haruffa, shafi bayan shafi, ba kalma ko guda! Haruffan ba sa rayuwa sai a cikin waccan tsohuwar. Amastan ya rasu. Rabin masu shaidar sun rasu, ba mai sake tambayarsu. Ni ma kun ji yadda nake numfashi.

Zayyadu, ɗana, mun ji ka kira mai gyara gobe ya wanke ordinatar, ya goge duk abin da ke cikinta, ya sa mata sabon tsari don shagon ya ci gaba. Alheri ka nufa, mun sani. Amma don Allah ka dakata. In ya wanke ta, mutanen nan sun tafi ke nan ba su ce komai ba. Hajiya, ki sa baki. A bar mu mu fara buga su a takarda, ko da yake tun ranar da ya kwanta ba wanda ya kunna ta, kuma kuran ɗin garin nan, wutar lantarkinmu, kun san halinsa.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya jiƙan Malam Ɗalhatu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa dangana. Ya Allah, gobe in mun danna maɓallin ordinatar nan, Ka sa ta tashi.