Katin da na cika da ƙarya: jawabin Isah Bubayero a taron tunawa da Likita Idirisu Arzika

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Allah ya gafarta Malam Liman, shugaban asibitinmu da likitoci da malaman jinya, uwarmu Hajiya Rabi'atu matar marigayi, 'ya'yansa Saifuddeen da Mashkura, da dukan waɗanda suka taso daga Kafin Hausa da Aujara da nan Yalwawa: sannunku da zuwa, Allah ya ba mu haƙuri.

Sunana Isah, ma'aikacin ɗakin kati. Da aka ce ni zan yi magana da yawun ma'aikata, sau biyu ina zuwa wurin shugaba ko za a sami wanda ya fi ni iya baki. Aka ce ba iya baki ake nema ba, ni ne mai rubuta abin da ya faru kullum a littafi. To, da littafin na zo.

Likita Idirisu ya kasance likitan da aikinsa ba ya ƙarewa ranar sallama. Mutum zai zo da ciwon zuciya, ƙirji kamar an ɗora masa dutse, a yi ta fama har ya farfaɗo, dangi su yi murna. Shi kuwa a lokacin yake fara damuwa, don ya ce watannin farko bayan an koma gida su ne abin tsoro. Wa zai zauna lafiya, wa za a sake kawowa ranga-ranga? Na'urar duba zuciya ɗaya muke da ita. Sai ya bi tsofaffin katuna, ya tsara tambayoyi: shekaru, hawan jini, ciwon suga, kumburin ƙafa, matashi nawa mutum yake ɗorawa kafin ya iya barci, a tsaye yake salla ko a zaune. Wanda alamunsa suka yi yawa a ja masa jan layi a kati, ya riƙa dawowa duk mako biyu.

Ya kasance ya san halinmu. Yakan ce duk wanda ka tambaya a ƙasar nan zai ce maka da sauƙi, ko da ana riƙe da shi ne. Shi ya sa ba majiyyaci ake tambaya ba, 'yan gidansa ake tambaya. Ni nake tambayar, ni nake cikawa.

Litinin, 17 ga Fabrairu, 1997, aka kawo mahaifina, Alhaji Bubayero, wanda muke kira Baffa, daga rugarmu ta wajen Aujara da ciwon zuciya. Ga shi can a layi na biyu, ya ba ni izinin faɗin wannan. Ya yi kwana tara a kwance, aka sallame shi. A shekarar ya biya kujerar Makka bayan ya daɗe yana buri, tashi saura 'yan makonni, kuma sai da hannun likita a takardarsa. Da ranar dawowa asibiti ta zo, Baffa ya kira ni gefe ya ce in rubuta lafiya lau. Na san a zaune yake salla. Na san yakan tsaya sau biyu tsakanin ɗakinsa da garke. Amma ni ne ɗan fari, ban taɓa musa masa ba. Na rubuta babu, babu, babu, na miƙa katin.

Likita ya karanta, ya dube ni. Mahaifiyarsa Babarbariya ce, don haka akwai wasa tsakaninsa da Baffa. Likita ya ce ya sayi wata saniya tana ɗaure a bayan gidan ma'aikata, yana so bawansa Bafillace ya duba masa ita. Baffa ya ce ai dole, Babarbare bai san saniya ba sai an dafa ta. Suka fita, ina biye. Hanyar tana da ɗan hawa. Ba su yi taku ɗari ba Baffa ya tsaya, ya dafe ƙirji, gumi ya karyo masa. Ashe ƙwayar maganin zuciya da ake sawa ƙarƙashin harshe tana hannun likita tun daga ofis. Ya zaunar da shi kan wani dutse, ya riƙe masa wuyan hannu yana duban agogo.

Da numfashi ya daidaita, likita ya gaya masa ba zai sa hannu ba bana. Baffa ya fusata.

"Kai ka san ranata? Gaibu ka sani?"

"Ban san ranarka ba, Baffa, ban san tawa ba. Amma idan za ku yi kudu da rani, ka ga saniya tana haki tun a bakin garke, kana tafiya da ita?"

Baffa ya ce a'a, akan bar ta gida ta yi ƙwari.

"To ba duba irin na boka ka yi mata ba, ka ga irinta da yawa ne. Ni ma na ga irinka da yawa."

Duk da haka Baffa ya nace sai ya ga saniyar. Aka jawo ta, ya duba haƙoranta, ya ce an cuci likita.

Na shiga ofis a shirye da kora, don na ɓata takardar da ran mutum yake kanta. Ya miƙo min katin ya ce, "Isah, wannan ya yi datti, sake cika wani." Iyakar abin da ya ce ke nan, har ya koma ga Allah. Na cika na gaskiya, ya ja jan layi.

Baffa ya yi wata huɗu ba ya amsa gaisuwarsa, amma bai taɓa fashin zuwa ba. Aka daidaita magani, aka raba shi da gishiri da man shanu, aka tura shi Kano gwaji sau biyu. A 1999 suka sake hawa hanyar nan har ƙarshe. Likita ya sa hannu, Baffa ya je ya dawo.

Ya kasance haka ga mutane da yawa da ke zaune a nan, kowa ya san nasa labarin. Bai ce lissafinsa ba ya kuskure ba. Akwai wanda bai ja wa layi ba ya rasu cikin wata guda, kuma na ga yadda ya ɗauko katinsa ya yi ta juyawa kwana da kwanaki.

Saifuddeen, Mashkura, kun yi ta jiran mahaifinku a gida yana wurinmu. Lokacinku muka ci, mun gode muku.

Hajiya, shekara biyar ina niyyar ba shi haƙuri. Na duba littafina, sau goma sha ɗaya na rubuta cewa gobe zan yi, kunya ta hana ni. Yau ba ya nan, sai ke. Ya rufa min asiri, ya tsare min uba daga abin da na rubuta da hannuna. Ki yafe min a madadinsa. Baffa kuma ya ce in gaya miki abin da bai taɓa gaya wa marigayi ba: a Arfa, kafin ya yi wa 'ya'yansa addu'a, sunan Likita Idirisu ya fara kira.

Mun gode wa kowa da ya zo. Allah ya jiƙan Likita Idirisu Arzika, ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa namu, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.