Jan Kwalin da Ya Kwantar da Matata

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙunmu. Ni ne Baba Ɗanjuma, mai gadin kamfanin fata a Challawa.

Ban yi boko ba, shi ya sa nake kai wa mai kemis tsohon jan kwalin maganin hawan jinin matata, ya ba ni irinsa. Saboda tsada nake ba ta rabin ƙwaya, har ta yanke jiki ta faɗi. A asibiti likita ya ce akwai irinsa sak, mai araha, kwali ne kawai ya bambanta.

Da na tuhumi mai kemis, sai ya ce, "Baba, ai jan kwali kuka nuna min." Yaron da na ci naman sunansa.

Jama'a, in kai shi gaban mai unguwa? Ni dai ban yafe ba.