Kafin a Buɗe Tukunya

Jajiberin Kirsimeti, shekarar da soja suka miƙa mulki, na ji wata Hajiya tana tambayar wata nas a rumfar mai kaji a Gyadi-Gyadi.

"'Yata, kaza ɗaya za ta ishe ku biki?"

"Mu uku ne, Hajiya. Da Mama na raye, ba a buɗe tukunya sai ta karanta mana labarin haihuwar Yesu. Ƙamshi na tashi, cikinmu na kuka, ita kuwa tana jan karatun a hankali, kamar ba za a wayi gari ba."

"Allah ya ba ku haƙuri. Bana wa zai karanta?"

"Ni ce babba. Sauri zan yi, kada muryata ta karye gaban ƙannena."

"A'a, ki ja shi yadda take ja. Tukunya za ta jira ku."