Agogon Halliru Bai Daina Tafiya Ba

Assalamu alaikum. Da sunan Allah na fara, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi. Allah gafarta Malam Liman. Alhazai masu motoci da ke zaune a gaba. Shugabannin ƙungiyar direbobi na nan Maigatari da na Gumel, da waɗanda suka taso daga Gagarawa da Sule Tankarkar, sannunku da hanya. Yarinyar kamfanin inshora, mai farin mayafi, ke ma sannu. Maijidda, 'yata, sannu da fita takaba. Sirajuddeen, ƙanen marigayi, ina gaishe ka, kuma kada ka tashi, ina da magana da kai.

Wanda bai san ni ba, ni ce Larai mai tuwo ta bakin tasha. Iya suke ce mini. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. An ce ni zan yi magana don na fi kowa daɗewa da sanin Halliru. Haka ne. Na san shi tun yana cin tuwo gaya, ba nama. Kada ku jira kuka, na yi nawa na gama.

Ya kasance mai faɗa. Wannan kowa ya sani, ba sai mun rufe ba. Ya kasance mai son gishiri. Kullum in na ajiye masa kwano sai ya ce, "Iya, yau gishirin Nijar aka hana shigowa da shi ne?" In ce, "Ci ka tashi, ɗan nema, wasu na jiran benci."

Ya kasance in direba ya mutu a hanya, shi ke zuwa ɗauko gawa. Ko can wajen Dungas ne a Nijar, zai tsallaka, ya yi ta fama da jandarma har a ba shi. Lokacin da mota ta kife da maigidana Malam Ilu, Allah ya jiƙansa, an cika gidana da gaisuwa, bayan sadakar arba'in ƙafa ta ɗauke. Halliru ne ya zo da kwanon rufi a kansa, ya kafa mini rumfar da nake ciki har yau. Ya gama, ya ce a zuba masa tuwo.

Ya kasance ya gaji da ganin matan direbobi suna bin tasha da goyo. Shi ya sa da muka naɗa shi shugaba, na ce muka, don mu ma na tasha ne, ya je ya nemo wannan abin na takaful. Direba ya riƙa zuba kaɗan kaɗan, ranar da ta Allah ta kasance a bai wa iyalinsa. Ya tambayi malamai kafin ya kawo. Abin kirki ne, har gobe ina faɗa.

To, sai kamfani ya zo da ƙari. Suka ce doka ta yarda musu su ba mutum tukwici in yana kula da jikinsa. Ni ban san doka ba, abin da na ji ke nan. Suka raba wa kowa agogon hannu, baƙi, na roba. Wai yana jin bugun zuciyarka, yana sanin ko ka yi tafiya ko zaune ka wuni, yana gaya musu ta waya. Wanda agogonsa ya ba da labari mai kyau, a rage masa zubi, a ba shi shinkafa da man gyaɗa. Wanda nasa ya ba da mummuna, a kira shi awo kyauta, a ba shi magani.

Direban tirela ina zai ga tafiyar ƙafa? Mutum ne da ke wuni a kan kujera, ya sauko ya hau bencina. Amma ba wannan ne ya ɓata abin ba. Sha'aibu ne. Motar awo ta shigo tsakiyar tasha ranar Alhamis, ranar kasuwa, aka kira sunansa da lasifika. Aka ce hawan jini. Kafin la'asar maganar ta kai wa mai motarsa. Washegari ya karɓe makulli, ya ce ba zai bari a kashe masa mota ba. Sha'aibu yanzu ruwa yake turawa a kura. Kun gan shi, ga shi can baya.

Daga ranar kowa ya ji tsoron agogonsa.

Akwai Bappa, mai koro shanu da ƙafa daga daji zuwa kasuwar nan. Tsoho ne, amma busasshe, ba ya gajiya, zuciyarsa kamar ta doki. A rumfata Halliru ya kwance agogo ya ɗaura masa. Ya ce, "Kawu, riƙe mini wannan, kai da ba ka zama." Aka yi ta dariya. Da aka ga shugaba ya yi, kowa ya bi. Hannun Bappa ya cika tun daga wuya har gwiwa, ya koma ɗaya hannun.

Kamfani ya ji daɗi. Suka zo suka ba Halliru hula da buhun shinkafa, wai duk ƙasar Gumel ba direban da ya kai shi lafiya. Aka ɗauki hoto. A lokacin nan yana cin tuwo yana dafe ƙeya. Idonsa ja. Wani lokacin ya miƙa hannu ya kuskure kwano. Na ce, "Halliru, je a duba ka." Ya ce, "Iya, kamfani ma ya ce ƙalau nake, ke wace ce?" Ba wanda ya kira shi awo. Don me za a kira shi? Zuciyar Bappa suke saurare.

Kun san yadda ya ƙare. Ya ɗauko kaya, ya wuce Sule Tankarkar, abin ya buge shi a kan sitiyari. Allah ya ba shi ikon sauka gefen titi ya kashe mota. Ga 'yan makaranta suna tsallakawa a gaba. Bai taɓa kowa ba. Wannan shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma mun gode masa.

Abin da ba ku sani ba shi ne wannan. Wayarsa tana hannun Maijidda. Tana cikin takaba, waya ta yi ƙara. Bilkis, babbar 'yarsu, ta karanta mata. Wai, barka Malam Halliru, ka yi tafiya sosai wannan makon, zuciyarka lafiya lau, ci gaba da haka. Mutum yana kwance a maƙabarta. Wani mako, wani saƙon ya sake zuwa. Bappa yana daji, can cikin Damagaram, bai ji rasuwar ba. Yana ta tafiya da agogon mamaci. Sai da ya dawo ya zo rumfata ya ce, "Ina mutumin nawa?" Da na gaya masa, ya zauna a ƙasa, ya kwance agogon ya miƙo mini.

Ɗaya ya kwance. Sauran suna nan a hannunsa.

A cikinsu akwai na direba Dalhatu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye bayan ƙaramar Salla. Ba ya iya ɗaga ƙafa, amma agogonsa makon jiya ma ya je Gagarawa ya dawo.

Kafin in zo nan na je wurin Maijidda. Na ce, 'yata, in na faɗi wannan a gaban kamfani, ƙila su riƙe abin da Halliru ya bar wa yara. Ta ce, "Iya, faɗa. Na rasa ɗaya, in na rasa na biyun wa zai ci da su?"

Na biyun kai ne, Sirajuddeen. Kai ka karɓi motar, kai ke ci da gida biyu. Ɗaga hannunka mutane su gani. Ba agogo, ko? Shekaranjiya a bencina ka dafe ƙeya. Na ga idonka. Ka aika a sayo maka maganin ciwon kai, ka haɗiye da ruwan wanke hannu. Haka yayanka ya fara, kuma uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Kada ka sunkuyar da kai, ba zaginka nake ba.

Alhazai masu motoci, in an ce direba yana da hawan jini, magani yake bukata. Wanda kuka sani yana shan magani bai kai wanda ya ɓoye muku haɗari ba. Halliru ya samu ya tsaya gefen titi. Na gaba ban sani ba.

Ke kuma yarinya, ki gaya wa manyanki su daina kiran ciwon mutum da lasifika. Kuma abin marayun nan, ki faɗa musu a gaban Liman da wakilin Hakimi na yi maganarsa.

Bappa yana bakin ƙofa, ya naɗe hannun riga. Kowa ya san nasa. Daga gobe, duk direban da ya zo rumfata da hannu ba agogo, ya nemi tuwo wani wuri. Gishiri kuma na rage, mai faɗan ya tafi.

Na gode wa ƙungiya da ta ba tsohuwa dama. Na gode muku da kuka zauna har na gama.

Allah ya jiƙan Halliru, ya yafe masa faɗansa, ya saka masa da gawarwakin da ya ɗauko. Allah ya ba Maijidda haƙuri, ya raya abin da ya bari. Agogonsa ga shi nan ƙulle a bakin zanena, ya huta. Waɗanda suka rage a hannun Bappa, ya Allah, ka sa masu su su je su karɓa da kansu, kada a kai wa matansu.

Malam, a yi mana Fatiha.